Gadar da Aka Liƙa wa Ƙanena

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Idris. Zan fara daga wata Juma'a bayan la'asar, a ƙarshen rani, shekara biyu da ɗoriya kafin ya rasu, a rumfar masallacin unguwarmu da ke gefen garin Gadarif. Waɗanda ke wurin su ne Baffa Haruna, ƙanen mahaifinmu kuma shugaban lajna, wato kwamitin unguwa, da Malam Yaƙub limami, da wasu dattawa kaɗan, da Idris, da ni. Maganar gada ce ta tara mu.

Akwai kwarin da ya raba unguwarmu da hanyar fita gonaki. Da rani a bushe yake, yara na buga ƙwallo a cikinsa. Da damina kuwa kafin ka ankara ya cika, masu karo, wato amalanken jaki, da ke kawo mana ruwan sha su tsaya a wancan gefe, mu tsaya a wannan gefe muna kallon juna. Lajna ta yanke cewa za a yi ƙaramar gada ta hanyar nafir, wato gayya. Sai aka ce a kira Bashmuhandis.

A ƙasar nan, ranar da yaro ya samu gurbin karatun injiniya ake fara ce masa Bashmuhandis, babban injiniya, tun bai taka aji ba. Idris ne na farko a unguwarmu da ya tafi jami'a a Khartum karatun gina hanyoyi da gadoji. Kakanninmu da ƙafa suka taso daga yamma za su Makka, suka tsaya nan suna noma dawa da riɗi, don haka kowa ya ga abin alfahari ne a ce jikansu zai riƙa shimfiɗa hanya. Shi kam sunan kunya yake ba shi. Yakan ce karatun shekara biyar ne, kada a biya shi ladan aikin da bai yi ba.

Shekarar farko lissafi da zane suka sha masa kai, ya dawo hutu a rame. A ta biyu ya yi ta yawo cikin rana da sandar awon ƙasa har fuskarsa ta ƙone. A ta uku ne suka fara darasin halin ƙasa, a nan ya samu abin da ransa ke so. Ya ba ni labarin ranar da malaminsu ya shigo da dunƙulen baƙar laka, ya ce ga ƙasar da ta fi kowace wahalar da magini, sannan ya tambaya ko akwai ɗan Gadarif a ajin. Idris ya ɗaga hannu, aka yi ta dariya. Ya ce mini ranar ce ya gane abin da ya sa tsofaffinmu suka nace wa ɗakin ciyawa, da abin da ya sa da wuya ka ga katangar bulo a unguwarmu da ba ta tsage ba.

A wannan zama na Juma'a ya zo da gwangwanin tumatir cike da busasshiyar laka da ya ɗebo daga kwarin. Ya zuba mata ruwa, ya ajiye a tsakiyar tabarma, sannan ya fara bayani. Ya ce ƙasar nan tana kumbura in ta sha ruwa, tana tsukewa in ta bushe, duk abin da aka ɗora mata a sama sai ta motsa shi. Ya ce dole a haƙa tushe ya wuce inda tsagar rani ke kaiwa, kamar tsayin mutum biyu, a kwashe lakar a zuba tsakuwa. Kafin a kira magariba lakar ta taso ta wuce bakin gwangwanin. Dattawa suka yi ta miƙa wa juna suna dubawa.

"Baffa, ni ɗalibi ne," in ji shi. "Iyakar abin da na sani ke nan. Ku nemo wanda ya gama karatun ya zo ya duba."

"Haba ɗana, muna da namu mu je neman na wasu?" in ji Baffa Haruna. "Yadda ka ce haka za a yi."

Malam Yaƙub ya yi addu'a, aka tashi.

Abin da kowa ya sani a rumfar, amma babu wanda ya faɗa masa, shi ne nafir a wurinmu na yini ɗaya ne. A yanka rago, mata su tuƙa tuwo, maza su fito da safe, kafin faɗuwar rana a gama. Wanda ya kira mutane kwana biyu a jere, cewa ake yi ya mai da jama'a leburorinsa. Ga damina ta matso, rabin mazan unguwa na shirin tafiya manyan gonakin Fashaga. Haƙar da Idris ya ce a yi ba ta yini ɗaya ba ce. Da sun gaya masa haka, da an nemi mafita, ko a ɗage aikin zuwa wani rani. Sai suka jira ya koma makaranta. Ni kuma aiki ya kai ni garin Hawata a makon. Da na dawo na tarar an zuba siminti. Tushen iya ƙugu ne, kamar na ɗakin kwana. Na tambayi Baffa, ya ce yaro ya faɗi nasa, manya sun yi nasu.

Ranar buɗewa Baffa ya gaya wa baƙi cewa ɗan gida ne ya tsara gadar, aka sa mata suna Kubrin Bashmuhandis, wato Gadar Bashmuhandis. Idris ya ji a waya, ya yi murna. Murnar ta ƙare ranar da ya zo hutu ya sauka cikin kwarin ya tona gefen ginin. Ya samu Baffa a keɓe, ya roƙe shi aƙalla a hana manyan motoci hawa. Baffa ya ce za a duba.

Daminar farko gadar ta tsaya, aka yi ta sa wa Idris albarka. A ta biyu gefe ɗaya ya nutse, saman ya karye. Adamu mai karo yana kai lokacin. Jakinsa ya mutu, shi kuma har yau ɗingishi yake yi. Da aka taru a rumfar nan dai, Baffa ya ce sun bi shawarar yaro ne, Allah bai nufa ba. Duk waɗanda suka riƙe gwangwanin nan da hannunsu suna zaune. Babu wanda ya buɗe baki. Na tashi na faɗi abin da na gani, aka ce ai yaya ne ke kare ƙanensa. Malam Yaƙub ya ce a bar tone-tone, zumunci ya fi gada.

Daga ranar sunan ya koma ba'a. In katangar wani ta tsage sai a ce ko Bashmuhandis ya leƙo. Mahaifiyarmu ta daina bin ta bakin kwarin in za ta kasuwa. Idris ya hana ni ƙara magana.

"Yaya, bar su," ya ce. "In na gama zan sake gina ta. Ba sai na ce komai ba."

Da hutun kaka ya zo, bai zauna a gida ba. Ya bi masu yankan riɗi zuwa Fashaga, inda babu wanda ya san shi da wani suna sai Idris. A can ya ɗauko ciwon kalazar. An daɗe ana ba shi maganin zazzaɓin sauro kafin a gane. Ya rasu saura watanni kaɗan ya gama karatunsa. Ba na cewa wani ne ya kashe shi. Cuta ce, kwanansa kuma ya ƙare. Amma na san abin da ya hana shi zama gida.

Yanzu yaƙi ya koro mutane daga Khartum, an zaunar da wasunsu a wancan gefen kwarin. Saboda su wata ƙungiya ta ɗauki nauyin sake gadar. Injiniyar da aka turo, Amal, ita ma gudun hijira ya kawo ta. Ina tsaye Baffa ya yi mata maraba, ya ce mata wani ɗalibinsu ya taɓa gwadawa, Allah ya jiƙansa, karatun ne bai nuna ba. Shekara bakwai yaron yana kabari, Baffa bai ga dalilin sauya labarin ba.

Ta sa aka tono tsohon tushen. Da ta ga inda ya tsaya, ta tambaya wa ya ce a tsaya nan. Na gaya mata zurfin da Idris ya ce a yi, da labarin gwangwanin.

"Ɗan aji uku ne ya faɗi haka?" ta ce. "To ya saurari malaminsa. Ni ma kaɗan zan ƙara a kai, saboda manyan motoci."

Nakan tambayi kaina me zai ce in ya ga yau. Abokan karatunsa sun watse, wasu a ƙasashen waje, wasu ba a san inda suke ba. Ina jin ba zai tsaya sauraron kowa ba, cikin ramin zai sauka ya damƙi ƙasar ya murza. Na kuma san ba zai so wannan rubutun ba. Amma cikin waɗanda suka zauna a rumfar nan, uku muka rage: Baffa, da Malam Yaƙub, da ni. Mahaifiyarmu ta tsufa, idonta ya yi rauni. Abin da take jira bai wuce ɗayansu ya faɗa a gaban jama'a cewa yaron ya gaya musu gaskiya, su ne ba su bi ba.

Idris bai bar takardar shaida ba, bai bar gini ko ɗaya ba. Abin da ya rage nasa shi ne sunan wurin. Direbobi har yau Kubrin Bashmuhandis suke cewa in za su sauke fasinja, baƙin da yaƙi ya kawo kuwa sun ɗauka girmamawa ce.

An buɗe sabuwar gadar kafin damina. Baffa Haruna ne ya yi jawabi, ya gode wa kowa, bai ambaci Idris ba. Kafin in aika wannan rubutu jarida na kai masa da hannuna. Ya sa aka karanta masa har ƙarshe. Ya ce in gaida mahaifiyata.