Zanen Surukina da Faifaina

Ni haifaffiyar Jiga Birni ce, aure ya kai ni wani ƙauye da ke kan hanyar Maiyama, can na tsufa. Ban taɓa shiga aji ba, jikata ce ke rubuta wannan, ni kuwa ina faɗa. Abin da hannuna ya iya saƙar faifai ne, tun haƙorana na gaba ba su gama fitowa ba.

Rijiyarmu tana nesa, bayan gonakin albasa, kuma da rani ruwanta kamar an dama koko. Wata shekara sai ga labari cewa wata ƙungiya za ta yi wa unguwarmu aiki guda ɗaya tak, mu zaɓa. Mu mata muka ce rijiyar burtsatse. Maza suka ce rumbun albasa na zamani, mai kwano da raga. Sai aka ce a bi gida gida a ji abin da ya fi damun kowa, a zana, a nuna wa baƙuwar da za ta zo ta yanke magana.

Wanda aka ba aikin surukina ne, mijin ɗiyata ta fari. Ya yi boko a Aliero, yana da tabarau, kuma ko sallama zai yi sai ya gyara murya. Kun san abin da ke tsakanin mace da mijin ɗiyarta ta fari. Shekara ashirin ba mu haɗa ido ba. In ya zo gaisuwa yakan durƙusa bayan zana, in amsa ina duban ƙasa.

Ya zagaya da takarda, ya tafi Jega aka buga masa zanen a kwamfuta, ya dawo da shi naɗe kamar tabarmar ango. Saura kwana shida baƙuwa ta zo ya tara mu gindin darbejiya don mu gani.

Da'ira ce, an yayyanka ta kamar kabewa. Amma ban taɓa ganin wanda ya yanka kabewa haka ba sai mai rowa. Ɓari ɗaya ne ƙato, ja wur, an jawo shi gaba, ya fito daga cikin 'yan'uwansa kamar tumbin mahauci. Sauran kuwa sala-sala ne, siririn tsinke, duka shuɗaye: wannan shuɗi, wancan shuɗi ya sha ruwa, na kusa da shi shuɗi ya yi jinya. An kuma kwantar da da'irar a karkace, na gaba ya yi ƙiba, na baya suka rame. Rubutun gefe sai ka ce ƙwarƙwata ta bi layi.

Surukina ya ɗora sanda kan jan, ya ce, "Jama'a, kun gani da idonku. Matsalar ajiyar albasa ita ta fi girma."

Maza suka yi ta gyaɗa kai. Wani tsohon dillali da ko sunansa bai iya karantawa ya ce, "Wallahi ilimi ya yi. Dubi yadda abin ya fito tsaf!"

Na juya wajen ɗiyata, na yi magana yadda har na bayan darbejiya zai ji. "Ke, a tambayi mai zanen ga, ina ruwa ya shiga?"

Ta sunkuyar da kai. Shi ma ya juya wajenta, ya ce, "A hwaɗa ma Inna, ruwa shina ciki. Kwamfuta ce ta tsara."

Na ce, "A gaishe da kwamfuta. Ashe ita ma albasa taka noma."

Mata suka toshe baki da mayafi. Iyakar abin da kunya ta bar ni in faɗa ke nan.

Da la'asar na aika ɗiyata ta karɓo mini ƙaramin kwafin zanen a wajen mijinta, na ce tsohuwa na son kallon launi. Jikata ta karanta mini salolin ɗaya bayan ɗaya. Wannan nisan rijiya. Wannan layi a bakin rijiya. Wannan tsinkewar igiyar guga. Wannan ruwa mai laka. Wannan ciwon wuya saboda tulu. Wannan gudawar yara. Na ce, "Tsaya. Na albasa fa, bai raba ruɓewa daban, ɓera daban, tsiro daban ba?" Ta ce a'a, a dunƙule yake.

Na ɗauki reza na yanke salolin, na jera na ruwa kusa da juna a kan tabarma. Suka haɗu suka wuce rabin da'ira. Jan da ake ta yi wa kirari ko sulusi bai cika ba. Ban ƙara masa ko ƙwaya ba, lissafinsa ne, ɗinke abin da ya ɓarka kawai na yi. Ko da gangan ya yi ko sakarci ne, ban sani ba, ban kuma san wanne ya fi zama abin kunya ga mai tabarau ba.

Na jiƙa kaba, don in saƙa zanen nan a faifai. Duk mai saƙa ta san launi uku ko huɗu sun isa faifai, in suka wuce haka ido ya gaji. Ta san ba a ajiye launi kusa da ɗan'uwansa, sai baƙi ya jingina da fari. Na ba ruwa baƙi, na ba albasa jan karan dafi tun da jan yake so, na bar sauran ƙananan koke-koke da farin kaba. Kwana biyar ina saƙa, yatsuna suka yi kanta.

Sai dai ba ni da hanyar miƙa shi. Ba zan tashi cikin taro in ƙaryata surukina ba, ɗiyata ce za ta kwana da abin.

Ranar da baƙuwar ta zo, ya buɗe zanensa ya yi ta Turanci. Na ga tana matse ido, ta cire tabaranta ta goge ta mayar, ta matso, ta ja da baya. Can ta ɗauko biro za ta rubuta. Nan na tashi da ƙwaryar fura, don ba a barin baƙo da ƙishirwa, kuma ba a kai fura a buɗe. Na durƙusa na ajiye gabanta, bayana ga surukina.

Ta kai hannu za ta buɗe, sai ta tsaya. Ta ce, "Mama, wannan saƙa haka?"

Na ce, "Ɗiyata, ni jahila ce. Zanen malam ne na kwaikwaya. Baƙin ga ruwa ne dut, jan ga albasa."

Ta dubi faifai, ta dubi zanen, ta sa yatsa tana bin salolin nan shuɗaye tana motsa baki. Ta ce, "Malam, haka ne?"

Ya gyara murya har sau uku. Ya ce, "Haka ne, Hajiya. Dama wannan shi ne mataki na biyu na aikin."

Na ce, "Allah shi ƙara basira," ina duban ƙwarya.

Ta shanye furar, ta roƙi faifan, na ba ta. An haƙa rijiyar kafin damina. Kwamitin maza ne ya zaɓi wurin, sai ta faɗo daidai ƙofar mai unguwa, inda masu babur ke tsayawa. Ruwa garau, ba laka. Kullum da safe mukan jera bokitai mu jira a gama wanke babura, sannan mu ɗiba.