Ƙasar da ke gwiwata

Malam, jiya wani mafarki ya zo mini. Bayan azahar ne, ina zaune a rumfata ta fawa, barci ya ɗauke ni. Ka san ni ba matsoraci ba ne. Shekara goma sha tara ina dambe, kuma duk garin nan an san ba a taɓa kashe ni a fage ba.

Na gan ni a wata gona da aka gama girbi, an share tsakiyarta. Ba kujeru, ba alƙalin wasa. Irin damben da ne, wanda mahauta ke bin ƙauyuka suna yi. Kalangu na tashi, amma ban ga makaɗi ba. Sai kawai ga 'yan damben farko suna fitowa daga cikin karan dawa, tsofaffi, ƙirji a buɗe, kowa da naɗaɗɗen hannu. A gabansu kakana Tanko ne, wanda ya kawo dambe garinmu. Ya rasu kafin a haife ni, amma na gane shi.

Suka jeru. Kowa ya ɗaga ƙafa ya nuna gwiwarsa. Kowace da ƙasa a jikinta. Ka san ƙa'ida: gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa, an kashe ka. Wato dukkansu an taɓa kashe su ke nan. Kuma ba wanda ya sunkuyar da kai.

Kakana ya ce, "Dogo, taka fa?"

Na ce, "Kaka, tawa fes take."



Sai kawai igiyar hannuna ta fara warwarewa da kanta, tana jan ciki kamar maciji, har bakin fage. Can na ga Bawa zaune a kan turmin daka, yana naɗe ta a hannunsa. Bawa shi ne gwanin ƙauyen da ke gabas da mu, wanda na kayar har aka fara yi mini kirari. Ya dube ni yana dariya, ya ce, "Mahaucin banza, har yanzu kana rufe ta da wando?"

Malam, bari in faɗa maka abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ranar da muka kara da Bawa, ya zuba mini naushi a haƙarƙari, gwiwata ta hagu ta taɓa ƙasa. Mutane sun yunƙuro suna ihu, ba wanda ya gani. Na miƙe na buge shi. Shi kaɗai ya gani. Bai taɓa buɗe baki ba, kuma daga ranar bai sake naɗa hannu ba. Yanzu yana kwance ba lafiya. Iyalinsa sun aiko cewa yana son ganina ranar Juma'a.

A mafarkin na naɗe wandona. Ƙasar tana nan, ja, ɗanya, kamar yanzu na tashi. Na goge, ta ƙi fita. Tsofaffin suka matsa, suka bar mini gurbi a layinsu, tsakanin kakana da wani baƙin mutum mai tabo a goshi. Na ɗaga ƙafa zan shiga, sai kiran la'asar ya tashe ni.

Zuwa kam zan je, ba fashi. Naushin Bawa bai sa na gudu ba, balle idonsa. Abin da nake so ka duba mini shi ne gurbin nan. Kirana suke in bi su, ko so suke in faɗi gaskiya a gaban mutane tun Bawa yana iya ji?