Kilishi a Gidan Anti

A shekarun da kuɗin mai ya fara kwararo ɗalibai London, gwamnati ta turo maigidana karatu, na biyo shi ina amarya. Muka kama ɗaki a unguwar Lewisham, a gidan wata dattijuwa 'yar Indiya mai bin addinin Jain. Anti nake ce mata.

Tun ranar farko ta kafa mini doka: ba nama a gidanta, ba kifi, ba ƙwai. Har albasa da dankali! Wai tono su yana kashe ƙananan halittun cikin ƙasa, a addininsu kuwa babu laifin da ya kai cutar da mai rai, ko da kiyashi ne.

Na ce to. Sai ga kilishi an aiko mana daga Kano. In maigidana ya tafi makaranta, sai in kulle ƙofa, in zura kaina ta taga ina tauna, don kada ƙamshin ya sauka ƙasa.

Wata safiya Anti ta hauro sama cikin fararen kaya, ta haɗa tafukan hannunta.

“'Yata, in na taɓa ɓata miki, da baki ko a zuci, da sani ko ba da sani ba, ki yafe mini.”

Ta ce rana ce guda a shekara da suke neman gafarar duk mai rai. Ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba.

“Anti, ni ce mai laifi. Wata biyu ina cin nama a ɗakin nan.”

Ta dube ni, kafaɗunta suka fara rawa.

“Ai daga lambu nake hango kanki, kin miƙo wuya kamar kunkuru! Yajin kuwa har falo yake sa ni atishawa.”

Dariya ta kayar da mu a kan matakala, har da hawaye. Da ta nitsa ta ce, “Ni na yafe. Saniyar kuwa, tsakaninku ne.”

Na yafa gyale na raka ta gidajen maƙwabta, ƙofa ƙofa, tana neman gafara ina taya ta, muna ƙunshe dariya. A bakin titi muka tare Bature mai kawo madara, muka haɗa baki muka ce ya yafe mana. Ya dube mu, ya dubi kwalabensa, ya tambaya ko wata ce ta fashe.