Lungun Tsuntsayen Yaya Kulu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 9 ga Satumba, 1952, labari ya same ni a Bodinga cewa Allah ya yi wa yayata Kulu rasuwa a Dandin Mahe, bayan jinyar kwana shida.

Yaya, ke kika goye ni bayan mutuwar mahaifiyarmu, ke kika kai ni makaranta har na zama duba-gari. Da ciwon agana ya makantar da mijinki Malam Sodangi, ya daina fita, ya daina magana, kika rasa abin da za ki yi masa. Sai kika lura yana ɗaga kai duk sanda kurciya ta yi kuka.

Bayan ɗakinki akwai ɗan lungu ƙarƙashin ceɗiya, rana ba ta shigarsa. Shekara uku kina gwajin shuke-shuke a wurin don jawo tsuntsaye. Lalle ya ƙi, gero ya yi tsawo bai yi kai ba. Gautan kaji ne ya yarda da inuwar, sai ƙaramin barkono, sai garafunin da kika bi da shi kan danga don ya leƙo haske. Kika ajiye kaskon ruwa. Maƙwabta suna korar tsuntsu daga gona, ke kina gayyatarsa, har suka ce kin taɓu. Amma 'yar tsuntsuwar nan baiwar Allah ta zo, kanari ya zo, Malam ya dawo da dariya. Da kukansu yake gane la'asar ta yi.

Bara na zo zagaye tare da Baturen lafiya. Ya ga duhuwa, ya ga tsutsar sauro a kasko, ya dube ni. Na ji tsoron a ce na yi son kai. Ni na ce a sare shukokin, ni na fasa kaskon da sandata. Ke kuwa ruwan sha ma kika kawo mana.

Na yi ta cewa in damina ta yi zan zo in roƙi gafara, mu sake shuka tare. Damina ta yi, kunya ta hana ni. Yanzu wa zan roƙa? Wallahi abin nan ba zai bar ni ba har in mutu.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya ba ki inuwar Aljanna. Allah ya ba 'ya'yanki Ramatu da Hassan haƙuri. Ta'aziyyata ga Malam Sodangi, wanda ya riƙe hannuna ranar sadakar uku ya ce, “Maniru, Kulu ta ce awaki sunka cinye lungun ga. Ka sake shuka min shi, amma ka yi danga mai ƙarfi. Kai kaɗai nika yarda da shi.”

Na ce to.