Matar da Ke Tambayar Soso

Ƙarfe biyar da rabi na asuba Bozsó Etelka take jingine kekenta a jikin rumfar awo, a bakin tafkin tseren kwale-kwale da ke bayan birnin Szeged. Ta goge sikeli. Ta ɗora masa wani ƙarfe mai kilo goma cif, ta ga ko ya kwana da gaskiya. Sannan ta zauna a kan akwatin dalma, ta ci burodi da ɗanyen tattasai tana murza gwiwa. Shekara talatin da huɗu ke nan tana haka. Ran Lahadi, in an tashi daga gasar ƙasashe ta bana, za ta ajiye aiki.

'Yan kallo ba su san ta ba, don rumfarta tana bayan allon sakamako. Aikinta guda ne: kada kwale-kwalen mutum ɗaya ya gaza kilo goma sha biyu. Kafin tsere kowa yakan kawo nasa ya gwada, wanda bai kai ba a manna masa dalma. Bayan tsere a cire duk abin da ba a kafe ba, a sake aunawa. Wanda ya gaza, an soke nasararsa.

Mu 'yan gida Etelka néni muke ce mata, yadda ake kiran kowace babbar mace. Baƙi kuwa Inna Soso suke ce mata, kowa da harshensa. Ni ne sanadin sunan.

Shekara goma sha tara da suka wuce na zo na uku a tseren mita dubu, a gida, a gaban mutanenmu. Da safe ni na gwada jirgina da kaina, ya cika har da ɗoriya. Na manta da jiƙaƙƙen soson kwashe ruwa da na cusa a ƙarƙashin kujera. Bayan tsere ta zura hannu ta zaro shi, ta tsane jirgin, ta ɗora. Ya gaza da giram saba'in.

Dezső, mai horar da ni, tsohon abokin tuƙinta ne. Ya rage murya.

"Etelka, nauyin ƙwai ɗaya fa. Ke kika koya masa iyo."

"Sikelin bai koya masa ba, Dezső."

Sau uku ta auna, sannan ta sa hannu a takarda. Lambar tagulla ta koma wuyan na huɗu, wani baƙo da ya zo da jirgin aro. Ni kuma na rasa gurbina a tawagar ƙasa. Na tafi Kanada karatu ban yi mata sallama ba, na daɗe ban dawo ba.

Sauran labarin daga bakin wasu na ji. Shekara uku ƙungiyarmu ba ta gayyace ta cin miyar kifin ƙarshen kaka ba. Dezső ya daina gaishe ta. Ita dai biyar da rabi tana nan. Abu ɗaya ta ƙara: ta daina barin kowa ya gwada jirgi shi kaɗai. Ta koyi kalmar soso a harsuna goma sha ɗaya, tana furta su a karkace, matuƙa suna dariya suna duba ƙarƙashin kujera. Wani alƙalin gasa ya gaya mini ya ga ta bi wata Bajapaniya da gudu har bakin ruwa, da ɗanyar dalma a hannu, saura minti takwas a fara.

Ke ce ba ki yi mini alfarma ba, Etelka néni. Ke ce kuma kika ɗauki kuskuren da ba naki ba kika mai da shi aiki. Jirage dubu nawa kika ɗaga da wannan bayan, ba wanda ya ƙirga. Mai awo ba ta da lambar yabo.

Ran Talata na je rumfar. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ga na yi jiki, ta ce yanzu ba sai an manna mini dalma ba. Na tambaye ta ko ta taɓa nadama. Ta ce nadama sai mai hutu, ita gwiwa ce ke damunta. Sai na tambayi mutum nawa aka soke saboda soso tun bayan tafiyata.

"A sikelina? Kai ne na ƙarshe. Kama can gefen, jirgin nan ba zai hau da kansa ba."

Na kama.

Na gode, Etelka néni, ko da godiyar ta makara da shekara goma sha tara. Wanda zai gaji kujerarki ya riƙe abu biyu: ya faɗi abin da sikeli ya ce ko ɗan gida ne a gabansa, kuma ya yi tambayar soso tun da safe, lokacin da take da amfani.