Allon Askina Babu Fuska

Ga sabon allon shagon askina a Dogon Dutsi: kawuna sun sha gyara, amma babu ido, babu hanci.

Malam Sani ya zana. Tun da ya duƙufa karatun addini ya daina zana fuska, sai abokinsa Illa ya riƙa bin bayansa yana cikawa, har ya zama fuska kaɗai Illa ya iya. Yanzu sun ɓata.

Na roƙi Illa, ya ce, "Sani shi kira ni da bakinshi."

Sani ya ce, "In na kira shi, ai ni na zana ke nan!"

Madalla. Ga Sallah ta matso, yara na gudun shagon, wai iskoki ne.

Ashe abotar wasu ke riƙe da kasuwata. Jama'a, wa zan fara lallashi?