Jelar Rigar 'Yar Fari

Ita ce 'yata ta fari, don haka ban taɓa kiran sunanta ba. A ƙauyukanmu na gefen Makoɗa mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ma sai ta kau da kai wata ta ɗaga shi. Haka na ga uwata ta yi wa babban yayanmu, haka ni ma na yi, har na so in zarce ta. In tsofaffi suka ga sabuwar mai jego tana lallashin ɗanta na fari a tsakar gida, sai su ce ta zo wurina ta koyi kara. Ba zan ɓoye ba, daɗin maganar nake ji.

Ana yaye ta, yayar Malam maigidana, wadda nake kira Yaya, ta zo ta ɗauke ta zuwa gidanta a Rijiyar Zaki, cikin birni. Ranar da za su tafi na shige madafa ina tankaɗen garin da na riga na tankaɗe, har motar ta tashi. A can ta girma, a can ta yi karatu har jami'a, Yaya take kira Mama, ni kuma Inna. In ta zo hutu "yarinyar nan" nake cewa, ko "'yar gidan Yaya". Tsokar da ta fi girma a tukunya nakan cusa ta ƙarƙashin tuwonta sai in ba wa wani ya kai mata. A ganina ta gane. Amma ita tashin birni ce, inda uwa ke rungume 'yarta a bakin titi ba wanda ya waiwayo. Tana 'yar sakandare ta taɓa tsayawa a ƙofar madafa ta ce, "Inna, wai laifin me na yi miki?" Na ce ta matsa, tana tare min haske.

Da miji ya fito, Malam ya kafe a kan daga gidan ubanta za ta fita. Tsakar gidanmu ba za ta ɗauki mutanen birni da namu ba, sai aka shirya a yi kamu a gonar bayan gida. Kaka ce, an riga an cire gyaɗa, fili ya samu.

Rigar kamun ta iso ita kaɗai a kwance a kujerar bayan mota, mutanen da suka kawo ta suna matse a gaba. Leshi ne mai raga-raga, ruwan madara, an bi shi da ƙananan duwatsu, ga jela a baya wadda za ta riƙa jan ƙasa, tsawonta ya fi na tabarmar da muke shimfiɗa wa baƙi. Matan gida suka baza ta a kan gado suna shafawa suna yabo. Ni ta wutsiyar ido na dube ta, na ce a raina wanda ya ɗinka wannan bai taɓa taka gona da kaka ba. Lokacin ƙarangiya ta bushe. Mu da muke ratsa ta da zanen atamfa a tattare ma sai mun zauna cira, balle raga.

Ana gobe kamu, da hantsi, ta shigo ɗakina ta durƙusa, hannuwanta sun sha lalle.

"Inna, gobe ina so ki fito. Ko hoto ɗaya ne mu yi."

"Uwarki ai tana nan," na ce, ina ninke kayan wanki.

"Mama za ta fito. Ke nake cewa."

"Ni me zai kai ni? So kike a yi da ni a gari?"

Ta dubi hannunta ta ce, "Jibi fa za a kai ni, Inna."

"Allah ya kai mu."

Ta ce, "To," ta tashi ta fita. Wannan "to" ɗin ya tsaya min a rai. Na san yarinyar nan za ta tafi gidan miji da zaton ba na ƙaunarta, kuma na san in ta tafi da shi ba mai cire mata. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ban kira ta ba. Da me ma zan kira ta?

Abin da na iya shi na yi. Washegari ana idar da sallar asuba na ɗauki fartanya da tsintsiyar kwakwa na fita gonar. Daga ƙofar gida har inda aka kafa rumfuna na share hanya mai faɗi, na tuge tushiyar karan dawa da ke gefe, na kwashe ƙarangiya na zuba a rami, na bi da tafin ƙafa ina gwadawa ko akwai saura. Na tanadi amsa: duk wanda ya gan ni, harawa nake tattara wa awaki. Ba wanda ya gan ni.

Bayan la'asar wuri ya cika. Kujerun roba, janareto na ruri, wata mata 'yar birni riƙe da lasifika tana gabatar da jama'a. Dangin ango suna rumfa ɗaya tare da Yaya, wadda ciwon gwiwa ba ya barinta ta tashi sai an kama ta. Ango da abokansa ma sun zo, wai haka ake yi yanzu. Ni ina bayan gida wajen tukwane, inda ya dace da ni, da zanen aiki da rigar da ta sha manja, ba mayafi, silifas ɗin ma wari da wari. Sai dai akwai wata 'yar kafa a dangar kara da na daɗe da sanin zamanta. Na ce da masu girki zan duba itace, na je na kafa ido a wurin.

Mai hoto ne ya ɓata min shiri. Wai in amarya ta fito ta ƙofar gida rana za ta dake ta a fuska. Sai ya sa aka ɗauke ta a mota aka zagaya da ita can gindin ɗorawa, a ɗaya gefen gonar, inda tsintsiyata ba ta kai ba. Daga can za ta tako zuwa rumfa. Na ga hanyata da na share fes, yara na tsere a kanta.

Ta fito daga mota, fuskarta lulluɓe da mayafi shara-shara. Ƙawayenta biyu suka kama jelar da 'yan yatsu, kowacce da waya a ɗaya hannun, takalmansu masu tsini suna nutsewa a rairayi. Mai hoto ya ce su sake ta ƙasa su baza, ta fi kyau a haka. Suka baza. Ba laifinsu ba ne, a kan siminti suka saba yi.

Ta fara takowa a hankali, kiɗa na tashi, mata na guɗa. Jelar na biye da ita tana sharar gona. Ina gani daga inda nake, bakin leshin ya fara yin duhu-duhu, ƙarangiya na hawa a kan 'yar'uwarta, har jelar ta daina shimfiɗuwa ta koma dunƙulewa. Tafiyarta ta sauya, tana jan abin da ƙugu. Da ta kai tsakiyar fili ragar ta saƙale a tushiyar kara. Ta ja, bai zo ba. Ƙawayen suka sunkuya, suna taɓawa suka janye hannu suna yarfewa, ɗaya har da sa yatsa a baki. Mai lasifika ta ce amarya na jan aji ne, mutane suka yi dariya. Matanmu na ƙauye sun san abin da ya faru, amma kowacce na cikin ankon biki, tana jiran wata ta fara tashi.

Yarinyar nan ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar gona, ba gaba ba baya. Ba ta dubi rumfar da Yaya take ba. Ta juya kanta ta dubi dangar gidanmu. Ba ta san ina wurin ba, ba yadda za a yi ta sani. Sannan ta tattara ƙarfinta za ta fizga, na kuma san in ta fizga rigar za ta yage tun daga ƙugu, a gaban ango da danginsa.

Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Ban san lokacin da na ture karan dangar na ratsa ba. Ina gudu na ɗaga murya na kira ta, da sunanta na yanka, wanda ubanta ya raɗa mata. Na ce ta tsaya kada ta ja. Ban taɓa jin sunan a bakina ba, sai ya fito da ƙarfi fiye da yadda na so, kuma daidai lokacin mai kiɗa ya rage sauti.

Ta tsaya cak.

Na durƙusa na zare ragar daga jikin tushiyar, ɗan wuri kaɗan ne ya tsage. Cirar ƙarangiya sai an zauna, a jiƙa yatsu da yawu a bi ta ɗaya bayan ɗaya, ba lokacin wannan. Na tattaro jelar duka na naɗe ta a hannu yadda muke tattare zane in za mu ratsa gona, ɓangaren ƙayar ta cikin jikina, mai kyan a waje. Ƙarangiyar ta shige min damtse da ciki ta cikin riga. Na ce mata, "Mu je." Ta taka, na bi ta a baya.

Sai a lokacin hankalina ya dawo jikina. Na ga kaina ba mayafi, da manja a ƙirji, ina tafe a gaban surukina da iyayensa, riƙe da rigar 'yar fari da na gama shelar sunanta. Mai lasifika ta ce, "Wace ce wannan baiwar Allah mai taimako?" Wani ya raɗa mata, ta kuwa ɗaga murya: "Jama'a, uwar amarya ce da kanta, a tafa mata." Mutanen birni suka tafa tsakani da Allah. Namu kuwa dariya suka fashe da ita, wasu na rufe baki da mayafi. Na ji wata tsohuwa daga dangin Malam, cikin masu ba da misali da ni, tana cewa, "Oh, duniya. 'Yar fari ce fa. Yau kara ta ƙare a garin nan." Na so ƙasa ta tsage in shige. Tsakanin tushiyar nan da kujerar amarya ba nisa, amma ban taɓa tafiyar da ta yi min tsawo kamarta ba. Wayoyi kuwa duk sun juyo kaina.

Da ta zauna na jera mata jelar a gefen kujera, na tura wurin da ya tsage ƙasa. Ina shirin miƙewa ta kamo hannuna ta ƙarƙashin mayafinta, ta matse shi a kan ƙayar ba ta sani ba. Na zame na koma ta inda na fito, kaina a ƙasa. Na shige ɗaki na tura ƙofa, na zauna ina cirar ƙarangiya daga jikina ina kuka, na kunya da na takaici.

Aminiyata ce ta fara shigowa, wadda muka taso tare. Ta dube ni ta ƙyalƙyale da dariya ta ce, "Ke kuma, ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi. Amma dai ko mayafi kya yafa." Malam da ya shigo cewa ya yi kawai, "An ce kin fita." Na ce na fita. Ya gyaɗa kai bai ƙara ba, ban kuma san ma'anar gyaɗa kan ba har yau. Matan gari kuwa ba su bar ni ba. Har yanzu in na shiga gidan suna ko na biki, sai wata ta kwaikwayi muryata ta kira sunan, a yi shewa. Ba a ƙara turo min mai jego koyon kara ba. Hoton mai motsi yana wayar kowa, ni ban yarda na kalla ba.

Washegari da yamma aka kawo ta ɗakina sallama, motocin kai amarya na jira a waje. Ɗakin cike da mata, Yaya na zaune a bakin gado. Ta durƙusa a gabana a lulluɓe, tana kuka kamar kowace amarya. Na ja mayafina na rufe fuska, na yi mata abin da ake yi: ta yi haƙuri, ta bi mijinta, ta riƙe salla, sannan na sa mata albarka. Mata suka ce amin, suka kama ta za su ɗaga. Sai ta matso ta ɗora kanta a gwiwata, abin da ba ta taɓa yi ba, ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji.

"Inna, ashe kin san sunana."

Dariyar jiya duk ba ta ba ni kunyar da wannan magana ta ba ni ba. Na so in ce ni na roƙi Malam ya sa mata shi, tun tana ciki. Na so in gaya mata zancen tsoka da na tsintsiya. Amma idanun mata na kaina.

"Ki sake faɗa," ta ce.

Na sunkuya kamar mai gyara mata lulluɓi, na haɗa mayafina da nata ya rufe mu biyu, na faɗa mata shi a kunne. Sannan na ɗago na ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, "Ku tashi da yarinyar nan, ana jiranta."